Asid a Kwalbatin Sharaɗa: Bin Diddigin Malalar Sinadari Zuwa Kogin Challawa

Ruwan da ya fita daga rukunin masana'antu na Sharaɗa ba ya tsayawa a lambatu. Rafin Salanta ne ke kwashe shi ya miƙa wa Kogin Challawa, shi kuma Challawa ya haɗa da abin da ya karɓa daga masana'antun gefen Panshekara ya gangara Tamburawa, inda yake haɗuwa da Kogin Kano, inda kuma matatar ruwan da ke shayar da babban ɓangare na birni take. Daga can ya nufi Wudil da Haɗeja. A tsakanin nan akwai masu lambu, masunta, masu ɗiban yashi, makiyaya, da yaran da ke wanka.

Lamarin da za mu bi a nan an tsara shi ne domin nazari, don amfanin masu unguwanni, ma'aikatan duba-gari, direbobi da masu gadin masana'antu. Ranar lamarin da mutanen cikinsa na misali ne. Wuraren da sinadaran da lissafin kuwa na gaske ne, kuma kowace gaɓa a ciki tana iya faruwa gobe da safe.

Motar da ta kwanta

Watan Fabrairu ne, rani ya kankama, ruwan rafi ya ja baya. Jim kaɗan bayan sallar asuba wata babbar mota ta shigo Sharaɗa da tankunan roba masu cin lita 1,000, irin waɗanda ake sakawa cikin kejin ƙarfe, za ta kai asid ɗin salfa wani gidan jima. Wajen kauce wa rami kusa da wata kwalbati tayar baya ta zurma, motar ta kwanta. Tanki ɗaya ya fashe ya juye kaf, na biyu ya tsage yana tsiyaya. Direba ya fito ko ƙwarzane babu, amma asid ya fallatsa wa yaron mota a hannu da cinya.

Irin wannan kaya ba baƙo ba ne a titunan Sharaɗa da Challawa da Bompai. Majeman cikin gari da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Gidajen jima na zamani kuwa suna tuje gashin fata da farar ƙasa da sinadarin salfayid, su jiƙa ta a gishiri da asid, sannan su jeme ta da sinadarin kuromiyam, wani nau'in ƙarfe. Asid ɗin da ake kawo musu mai ƙarfin kashi 98 cikin 100 ne, yana da kauri da santsi, lita ɗaya nauyinta kilo 1.84. A jikin tankin akwai tambari mai kusurwa huɗu, sama fari ƙasa baƙi, da lamba 8, alamar abu mai cin nama da ƙarfe, ga kuma lamba 1830 wadda a duk duniya ta asid ɗin salfa ce. Cikin waɗanda suka fara isowa babu wanda ya san ma'anar waɗannan. Wasu ma da bokiti suka zo, a zatonsu mai ne ya zube.

Maigadin wata masana'anta da ke daura da wurin, wanda ya taɓa aiki a ɗakin jima, shi ya fara gane abin, ya daka wa masu bokiti tsawa. Masu ba da shawara sun yi caa a kan yaron motar, wannan ya ce manja, wancan ya ce ɗanyen ƙwai. Maigadin bai bi ta kansu ba. Ya ari wuƙar mai shayi aka yanke riga da wando, ya tare kurar ɗan garuwa, aka yi ta kwarara wa yaron ruwa jarka bayan jarka sama da minti 20, sannan aka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Abin da ya dace ke nan. In asid ya taɓa jikin mutum, ruwa mai yawa ake so, nan take, ba ƙaƙƙautawa. A kan kwalta kuwa hukuncin ya juye, kuma nan ne mutane ke rikicewa.

Tiyo a hannu

An kira lambar gaggawa ta 112, an kira mai unguwa. 'Yan kwana-kwana sun iso kafin ƙarfe bakwai, jami'an kiyaye haɗurra suka tare titi gaba da baya. Abin da ya fara zuwa ran kowa, har da 'yan kallo, shi ne a wanke titin. An riga an warware tiyo sa'ad da wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji, wadda ta fito aiki ta tarar da hanya a rufe, ta kutsa wurin shugaban tawagar. "Yallaɓai, don Allah kada a sa masa ruwa. In aka wanke, rafi za mu tura shi duka." Ya ce to me za a yi, ya kuma tsaya ya saurare ta. A duk abin da aka yi a bakin motar, babu wanda ya kai wannan sauraron daraja.

Ruwa in ya faɗa kan asid mai ƙarfi irin wannan zafi ke tasowa nan take, ya tafarfasa ya yi tsartuwa a fuskar mai riƙe da tiyo. Babbar matsalar kuma tana wajen sirki. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, ruwan sha a ƙa'idar Najeriya tsakanin 6.5 da 8.5 yake, yawancin kifi kuma ba sa rayuwa in ya sauko kusan 4. Lita ɗaya tak ta wannan asid, in da ruwa tsantsa za a sirka ta, sai an ba ta sama da lita 300,000 kafin ta hau zuwa 4 ɗin ma. A nan lita 1,000 ce ta zube da ɗoriya, motar kwana-kwana kuwa 'yan dubban lita take ɗauka. Iyakar abin da tiyo zai yi shi ne ya share kwalta fes, ya ɗauke dafin daga inda ido ke ganinsa ya kai shi inda babu mai iya tare shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Turai ta ɗanɗana wannan. Ranar 1 ga Nuwamba, 1986, gobara ta tashi a rumbun ajiyar kamfanin Sandoz kusa da birnin Basel na Suwizalan. An kashe wutar, amma ruwan da aka kashe ta da shi ya kwashi magungunan ƙwari da sinadarai masu zaiba ya zuba a Kogin Rayin. Kogin ya yi jawur, kifi suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita, garuruwan da ke gangare suka dakatar da ɗiban ruwa daga gare shi.

A Sharaɗa sai aka koma tarewa. Mai unguwa ya tsayar da wata tifar yashi da ke wucewa, ya ce a juye, shi ne shaida za a biya. Aka yi kunya da yashin aka zagaye malalar, aka datse bakin lambatu. Wani ya ce bari ya kawo dusar katako ta tsotse, ma'aikaciyar ta hana, domin wannan asid ƙone duk abin da ya fito daga itace yake yi. Ma'aikata biyu da ke da safar roba da dogon takalmi da tabarau suka mirgina tanki na biyu tsagar ta kalli sama, daga baya aka zuƙe shi zuwa wani. Kashe kaifin abin da ke kan kwalta kuwa aikin farar ƙasa ne, irin wadda kowane gidan jima ke da ita jibge. Kilo 100 na asid yana cin kimanin kilo 75 nata, don haka tanki ɗaya, mai kilo 1,840, sai ya lashe kusan kilo 1,400, wajen buhu 55 masu kilo 25. Daga gefe ake barbaɗawa a nufi tsakiya, a hankali, domin nan ma zafi na tashi.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai

Kafin yashi ya zo kusan rabin tankin ya riga ya shige lambatu ya bi ta ƙarƙashin kwalbati. Wani matashi ɗan ƙungiyar sa-kai ta unguwa ya saɓa buhun yashi zai sauka ya toshe ta ciki. Mutane suna ta toshe hanci saboda warin ruɓaɓɓen ƙwai, shi kuwa ya ce da ya matsa kusa bai ji komai ba, ai ya wuce. Maigadin nan ya cafko rigarsa ya ce, "Yaro, in ka daina jin warin, to lokacin ne zai kashe ka."

Gaskiya ya faɗa. A Fabrairu lambatun Sharaɗa ba ruwan sama yake ɗauka ba, ruwan da masana'antu suka saki ne, har da na tuje gashi mai salfayid. Muddin ruwan yana da kaifin farar ƙasa, salfayid ɗin a narke yake zaune. Da zarar asid ya taɓa shi sai ya tashi ya zama iskar haidurojin salfayid. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na iska ba. In ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka an samu lafiya. In ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu sai mutum ya zube. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a rami da rijiya da kwalbati, balle da sanyin safiya kafin iska ta fara kaɗawa. Takunkumin yadi ko jiƙaƙƙen hankici ba sa tare ta. Kuma a irin wannan haɗari mai ceto ne kan zama gawa ta biyu: ya ga ɗan'uwansa ya faɗi, zuciya ta ɗebe shi ya dira, shi ma ya faɗi.

Aka kora jama'a zuwa tudu, ta inda iskar hunturu ke busowa, wato arewa maso gabas. Aka toshe lambatun daga sama da katafila, babu wanda ya sauka. Sai aka bi gidajen jimar da ke kan wannan lambatu aka roƙe su su riƙe ruwansu, domin duk abin da suka saki ƙarin salfayid ne, kuma shi ke tunkuɗa asid ɗin gaba. Yawancinsu sun amsa nan take. Guda ɗaya ya ce manaja ba ya nan, sai da dagaci ya yi waya da kansa.

Waɗanda ruwan zai tarar

A ganina ainihin lamarin a nan yake, kuma nan aka fi rauni. Idon kowa yana kan motar, alhali motar ta gama ɓarnarta. Abin da ya tsere yana can yana tafiya a rafi zuwa ga mutanen da ko labarin haɗari ba su ji ba, kuma a rani da safe ne masu lambu ke tayar da injin ban-ruwa.

Gudun ruwa ba ya buƙatar na'ura kafin a san shi. Ma'aikaciyar ta sa aka je can gaba aka jefa karan dawa a rafin, ya ci mita 10 a daƙiƙa 30, wato kilomita 1.2 a awa. Babur ya ninka haka sau ashirin, waya kuwa ba a magana. Ke nan labari yana iya riga ruwa isa ko'ina, in an san wanda za a kira.

Mai unguwa ya sake kiran dagaci. "Ranka ya daɗe, asid ya shiga rafi, ya nufi Challawa. A hana ban-ruwa, a hana shayar da dabbobi." Dagaci ya kira takwarorinsa na gangare, limamai suka kunna lasifika, sarkin noma ya baza samari a kan babur lambu-lambu, sarkin ruwa ya janye masunta da masu yashi. Makiyaya ne suka fi wuyar samu, sai da aka bi ta hannun arɗo aka kuma ajiye mutum a mashaya. Cikin awa guda ƙauyukan farko sun ji. Babu wata hukuma da ke da ƙafafun da za su yi wannan aiki cikin wannan lokaci, kuma ina ganin duk tsarin agajin da bai sa waɗannan mutane a sahun farko ba, a takarda kawai zai tsaya.

Amma lafazin sanarwa ma aiki ne. A wani masallaci abin da aka fara faɗa shi ne ruwa ya gurɓace, a yi hattara. Mata da yawa suka fahimci a tafasa ko a jefa alif, domin abin da aka koya musu ke nan lokacin kwalara. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ba ta cire asid, ba ta cire ƙarfen da ya narke, sai ma ta ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone. Sai da aka koma wurin liman aka ce, "Allah ya gafarta Malam, a ƙara bayani," ya sake da cewa kada a sha, kada a yi alwala ko wanka, kada a ba dabba, kada a yi ban-ruwa, ko an tafasa ko an sa alif, har sai an ji wata sanarwar daga wannan lasifika. Aka haɗa da ramukan da ake tonawa a yashin kogi ana ɗiban ruwa, aka kuma gargaɗi 'yan garuwa.

Babban giɓin shi ne matatar ruwa. Duk cikin waɗanda ke bakin motar babu mai lambar wanda ke bakin aiki a Tamburawa. Saƙon ya bi matakala, daga jami'i zuwa ubangidansa, daga nan zuwa ofis, ofis kuwa ba a buɗe ba tukuna. A ƙarshe ta hannun wani da maƙwabcinsa ke aiki a can aka same su, bayan kusan awa biyu. Nisan tafiya da sanyin gudun ruwan rani ne suka rufa asiri. Da a rukunin Challawa motar ta faɗi, dab da bakin kogi, da wannan jinkiri ya yi tsada.

Wani zai ce ai matata ce, aikinta ke nan. An gina matata ne don laka da ƙwayoyin cuta: a sa alif datti ya kwanta, a tace, a sa kulorin. Alif ɗin kansa ba ya aiki sosai in ruwa ya yi tsami da yawa. Akwai kuma abin da ya fi damuna. Shekara da shekaru kuromiyam ɗin gidajen jima yana kwanciya a cikin lakar Salanta da ta Challawa. Muddin ruwan ba shi da tsami, yawancinsa a ƙasa yake zaune. Asid yana narkar da shi ya tashe shi. Don haka ko da farar ƙasar da ke cikin rafi ta cinye kaifin asid ɗin a hanya, abin da zai isa gangare yana iya ɗauke da ƙarfen da ido ba ya gani, ga shi iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa kuromiyam a ruwan sha miligiram 0.05 ce kacal a lita. Maganin shi ne a kashe injinan zuƙo ruwa, a ci gaba da ba gari daga abin da ke ajiye, a yi ta auna kogi har gurɓataccen ya wuce. Haka ma'aikatan suka yi da zarar sun ji, suna tsoma takardar awon tsami kowane rabin awa.

An yi gardama kan gidajen rediyo. Wasu sun ce kada a faɗa, za a tayar wa mutane hankali. Ban yarda da wannan ba, kuma abin da ya faru a Sin ya isa hujja. Ranar 13 ga Nuwamba, 2005, wata masana'antar sinadarai ta yi bindiga a birnin Jilin, kimanin tan 100 na wani sinadari mai guba da ake kira benzin da danginsa suka shiga Kogin Songhuwa, gurɓataccen ruwan ya miƙe tsawon kilomita 80. Da ya doshi Harbin, birni mai mutane kusan miliyan 4, sai hukuma ta fara cewa gyaran bututu za a yi shi ya sa za a ɗauke ruwa. Jita-jita ta cika gari, aka wawashe ruwan kwalba a shaguna, famfo ya yi kwana huɗu a rufe, shugaban hukumar kare muhalli ta ƙasar ya ajiye aiki. A Kano ma kafin hantsi saƙo ya fara yawo a WhatsApp wai an zuba guba a ruwan famfo. Sanarwar rediyo da ta faɗi abin da ya zube, da inda ya zube, da cewa an rufe injinan matata kafin ya iso, ita ta kashe maganar.

Wani ya kawo shawarar a buɗe madatsar Challawa da ke Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, ruwa ya zo ya sirka. Ba a bi ba. Ruwan zai iso bayan gurɓataccen ya wuce, yana iya tayar da laka, yana iya kuma cinye lambunan da aka shuka a cikin kwarin kogi.

Bayan ruwa ya wuce

Ma'aikatan duba-gari da jami'an muhalli sun ɗebi ruwa a kwalabe daga sama da inda asid ya shiga, da daidai wurin, da wurare da dama a gangare, kowace kwalba da lokaci da wuri a rubuce, a gaban mai unguwa da wakilin masu kayan. Kwalbar saman nan ita ce ƙashin bayan shaida. In babu ita masu kaya za su ce dama haka rafin yake, kuma a Salanta wannan magana ba ta da wuyar karɓuwa.

Kafin azahar karfasa ta fara tasowa ciki sama a inda rafi ke shiga kogi. Yara suka fara tsinta, sarkin ruwa ya sa aka karɓe aka binne, don kada a wayi gari an yi bandarta tana kasuwa. Zuwa magariba awon tsami a Tamburawa ya daidaita sau da dama a jere, aka tayar da injina bayan an ɗebi ruwan da za a gwada ƙarafa a ciki. Masu lambu an ce su jira sakamako. Lambuna kaɗan da ke kwanar farko sun riga sun sha kafin babur ya isa, latas da alayyahunsu suka ƙone, aka hana sayar da abin da ya tsira. Yashi da farar ƙasar da suka sha asid aka kwashe zuwa harabar masu kayan maimakon bola ko kududdufi. Tankunan biyu aka sa aka tsattsaga su a gaban jama'a, domin irinsu ne ake saye a tara ruwan sha a gidaje da wuraren gini.

Doka tana nan. Tun bayan dattin guba da aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 Najeriya ta haramta zubar da miyagun sinadarai, a 2007 aka kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman kan masana'antun fata da masaƙu, kuma tushensu shi ne wanda ya gurɓata shi zai biya. Sai dai diyya ba ta zuwa sai da hujja, hujjar manomi kuwa cikin mako biyu take bushewa. Shi ya sa a yammacin ranar sarkin noma da ma'aikacin gona suka zagaya suka rubuta sunan kowane mai lambu, abin da ya shuka, yawan fagensa, aka ɗauki hoto, shaidu suka sa hannu.

Da mako ya zagayo mai unguwa ya tara masu gadi da wakilan masana'antu aka rubuta takarda guda mai lambobin waya: 'yan kwana-kwana, mai bakin aiki a matata dare da rana, dagatai da limaman gangare, sarkin noma, sarkin ruwa, arɗo. Aka liƙa ta a kowace ƙofar masana'anta da rumfar mai shayi. Aka kuma nemi kowane direban sinadari ya riƙa tafiya da takarda a Hausa mai faɗin abin da ya ɗauko da abin da ba a zuba masa. Abin da ba a warware ba shi ne kuɗin awar farko. Mai tifar yashi ya yi ta zirga-zirga tsakanin mai mota da mai kaya, kowa na cewa na ɗayan ne, har mai unguwa ya biya shi daga aljihunsa. Katafila da farar ƙasa ma aro ne aka yi bisa mutunci. Ya kamata masana'antun kowane rukuni, Sharaɗa da Challawa da Bompai, su haɗa kuɗi su ajiye tarin yashi da buhunan farar ƙasa da kayan kariya a wuri guda, mabuɗin yana hannun maigadin da ke kwana a nan.